Furen Fam Ɗaya a Ƙofar Kantin Ingila

Ƙannena 'yan makaranta, abu na farko da ke tarbar mutum a ƙofar babban kantin kayan masarufi a Ingila shi ne furanni. Tun kafin ka kai wurin burodi da madara, kafin ka hango shinkafa da man girki, za ka ci karo da baƙaƙen bokitai a jere hawa-hawa, an tsoma ɗaurin furanni a ciki, ja da fari da rawaya. Haka abin yake a Tesco, haka yake a Aldi da Lidl da Sainsbury's, haka kuma yake a duk kantin da na shiga a birnin Lincoln, inda nake shekara ta biyu a jami'a. 'Yan kasuwa ba su jera su a nan a banza ba. Wanda ya fara cin karo da ɗanyen fure yana sheƙi zai ɗauka duk abin da ke cikin kantin sabo ne, kamar dai yadda mai tumatir a kasuwar 'Yankaba yake ɗora manya jajaye a saman kwando.

Mafi araha a cikinsu fam ɗaya ne. In an juya shi zuwa kuɗinmu a canjin 2025 ya kai wajen naira dubu biyu, kuma na san wani a cikinku zai ce wannan ai kuɗin tara ne na kwana da kwanaki. Gaskiya ne. Amma a lissafin mutanen nan, a watan Afrilun 2025 mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a biya ma'aikacin da ya kai shekara 21 ya zama fam 12.21 a awa ɗaya. Ke nan ɗaurin furen aikin minti biyar ne. Shi ya sa za ka ga direban bas ya jefa shi cikin kwandon sayayyarsa tare da ƙwai da dankali, ko tsohuwa mai dogara sanda ta ɗauki biyu ba ta ko duba farashi ba. Mu dai mun taso muna jin ana cewa araha ba ta ado. A nan kuwa ita ce ke yi wa rabin tagogin gari ado.

Ran da na fara saya na nuna wa Umma ta waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "To, ana ci ne, ko magani ake yi da shi?" Na ce a'a Umma, kallo kawai ake yi. Ta ce, "Allah Ya kyauta." Ban ga laifinta ba, domin ba ta taɓa ganin hunturun ƙasar nan ba. A watan Disamba rana kan faɗi a Lincoln kafin ƙarfe 4 na yamma, ba ta kuma sake fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, in ma ta fito ɗin. Itatuwa duk sun zubar da ganye sun zama ƙirare. Sama toka-toka, titi toka-toka, mutane cikin baƙaƙen riguna kowa na sauri. Wanda ya taso inda rana ke dukan ƙeya tun hantsi, in ya yi wata biyu a haka, wani irin nauyi ke sauko masa a ƙirji wanda ba ciwo ba ne, ba kuma lafiya ba. A irin wannan lokaci, abu mai launi guda ɗaya a kan teburin karatu ba ƙaramin abu ba ne.

Da na daɗe sai na lura bokitan nan kalanda ce. Ko ba ka san watan da ake ciki ba, ƙofar kanti za ta gaya maka. Daga Janairu zuwa Afrilu lokacin dafodil ne da tulip. Wajen 14 ga Fabrairu jan wardi, wato ros, yakan mamaye ko'ina, farashinsa kuma ya yi tsalle, haka ma in ranar iyaye mata ta ƙasar ta matso, wadda yawanci takan faɗo a watan Maris. A watan Mayu sai a fito da dashen tumatir da na furannin lambu a ƙananan tukwanen roba, domin sai a lokacin ne ake samun kwanciyar hankali cewa jaura ta daina sauka da dare. Yuli da Agusta na babban furen nan ne mai faɗin faranti da ake matse man girki daga 'ya'yansa. Satumba da Oktoba kuma a sayar maka da abin da za ka rantse albasa ce a cikin raga, ka binne a ƙasa ka manta da ita sai bayan hunturu ta tsiro. Disamba ta wata shuka ce da ake kira fonsetiya, 'yar asalin Meziko, wadda jan da ke kanta ganye ne, ainihin furen ɗan mitsitsi ne a tsakiya.

Dafodil shi ne na fam ɗayan, kuma shi na fi so in ba ku labari. Fure ne rawaya mai ɗan baki a tsakiya kamar na algaita. Abin mamaki, ba a sayar da shi a buɗe, sau da yawa ma ba a sa shi a ruwa. Za ka tarar da shi a kwance cikin kwali, koraye siraran karare an ɗaure da roba, ba kyan gani ko kaɗan, sai ka ce ganyen albasa. Kamannin ya kai har a shekarar 2015 hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta rubuta wa manyan kantuna cewa su nisanta shi daga wurin kayan miya, saboda an samu waɗanda suka dafa shi suka ci, alhali yana da dafi, yana sa amai da ciwon ciki. Amma ka kai shi ɗaki, ka datse gindin, ka tsoma a kwalbar ruwa. Kafin kwana biyu ɗumin ɗaki ya buɗe shi, ɗaya bayan ɗaya, har ka rasa inda wancan mummunan ganyen ya shiga. Mutanen yankin Wales sun ɗauke shi furen ƙasarsu, suna maƙala shi a ƙirji ranar 1 ga Maris.

A jikin robar ɗaurin akwai 'yar takarda da ke faɗin inda aka noma shi. A farkon shekara takan ce Cornwall, can kudu maso yamma inda sanyi ke da sauƙi. In an kwana biyu sai ta koma Lincolnshire, wato lardin da nake zaune, daga baya kuma Scotland. Ganin abin a bayan gida yake, sai wata Asabar a watan Maris na sayi tikitin jirgin ƙasa zuwa Spalding, garin da aka sani da wannan noma. Gani ya kori ji.

Tafiyar kamar awa ɗaya ce, ta bi ta wani gari mai suna Sleaford. Lincoln gari ne mai tudu, babbar majami'arsa na can bisa ana hango ta daga nesa, amma da jirgi ya nausa kudu sai ƙasa ta baje kamar an shimfiɗa tabarma. Babu dutse, babu tudu, itatuwa ma jefi-jefi. Wannan yanki da fadama ce da ruwa ya sha kanta, aka yi ɗaruruwan shekaru ana haƙa magudanai ana janye ruwan, har yau kuma injuna ne ke tura shi zuwa teku, don ƙasar kusan daidai take da tekun. Abin da ya rage shi ne lallausar ƙasa mai albarka. Ta taga ina ganin gonakin kabeji da ba a ganin ƙarshensu, magudanai miƙaƙƙu kamar an ja da rula, ɗakunan gilashi na rainon shuka, da manyan rumbunan ajiya da tireloli masu firji suka yi layi a bakinsu. Sunan gundumar South Holland, kuma duk wanda ya taɓa ganin hoton ƙasar Holan zai ce sunan ya dace.

Can sai ga wata gona rawaya shar daga wannan gefe har wancan. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da ni ta ga na miƙe ina ɗaukar hoto. Na ce mata, "Iya, waɗannan ne ake kai mana kanti?" Ta yi dariya ta ce, "Ina! Agwagwata, wanda ya buɗe ai ya wuce kanti." Kada ku yi mamaki, mutanen wannan yanki haka suke kiran wanda suke yi wa fara'a, agwagwa, kamar yadda tsohuwa a gida za ta ce maka ɗan nan. Ta bayyana mini cewa gonar da ka gani ta yi rawaya, ko dai don albasar gindin ake nomanta, ko kuma furen ya riga masu tsinka. Na kanti tun yana kore ake cire shi.

Masu tsinkar na gan su a wata gona gaba kaɗan, su wajen ashirin, cikin rigunan leda, kowa a sunkuye. Babu injin da ke wannan aiki. Da hannu ake tsinke kowane kara daga gindi, a ƙirga, a ɗaure da roba, a jefa a akwati, a cikin iska mai yanka kunne da ƙasa mai caɓi. Ruwan da ke fita daga karan yana sa hannu ƙaiƙayi da tsagewa. Yawanci gwargwadon ɗaurin da ka tara gwargwadon kuɗinka. 'Yan ƙasa ba su cika son aikin ba, don haka shekara da shekaru mutanen gabashin Turai ne ke yi, 'yan Romaniya da Bulgeriya da Poland da Lithuania, yanzu kuma har daga ƙasashen tsakiyar Asiya ake ɗauko ma'aikata da bizar wata shida. A 2021, bayan Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai ga kuma korona, an rasa hannu har furanni masu yawa suka lalace a gonakin Cornwall. Wanda ya taɓa tsinkar barkono ko cirar gyaɗa ya san abin da ƙugu ke faɗa da yamma. Wannan ciwon ƙugun yana cikin fam ɗayan nan.

Shi kansa Spalding ƙaramin gari ne mai natsuwa. Kogin Welland ya ratsa tsakiyarsa, tsofaffin gidajen jan bulo na kallon juna ta gaɓa biyu. A kan titi za ka ji harsuna uku kafin ka ji Turanci, ga kantunan abincin Poland da Lithuania a jere. Da can tulip ne taƙamar garin. Manoma kan fille kan furen don ƙarfin shukar ya koma ga albasar, sai aka ga maimakon a zubar da kawunan, gara a yi wa motoci ado da su a zaga gari. Daga nan aka samu bikin da aka fara a 1959, aka yi ta yi har 2013 aka daina, sannan aka farfaɗo da shi a 2023. Gonakin tulip ɗin sun ja baya ƙwarai. Abin da ya bunƙasa a madadinsu shi ne waɗancan rumbunan da na hango daga jirgi, inda ake karɓar furannin ƙasashen waje a haɗa su ɗauri-ɗauri, a liƙa farashi, a loda wa tireloli zuwa kantuna.

Wannan ya kawo mu kan wardi. Ku tuna wardi ba ya fure a fili a hunturun Ingila, amma ga shi a bokiti kowace rana ta shekara, ɗauri fam 3 zuwa 5 in ba lokacin biki ba. Juya ledar ka karanta: Kenya. Wani lokaci Habasha. Akwai wani tafki a Kenya mai suna Naivasha, kimanin kilomita 90 daga Nairobi, a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900. Wurin na kusa da tsakiyar duniya, don haka rana awa 12 ce kullum, tsayin kuma ya sa dare na da sanyi, ga ruwan tafki a kusa. Abin da manomin Holan zai ƙona gas da lantarki kafin ya samu, a can kyauta Allah Ya bayar. Ana yanke furen da safe, a shigar da shi ɗakin sanyi, a kai shi filin jirgin sama na Nairobi a mota mai firji, ya kwana a sama, cikin 'yan kwanaki yana ƙofar kanti. Kusan kashi ɗaya cikin uku na wardin da ake sayarwa a Turai daga Kenya yake, kuma sama da mutum 100,000 ke aiki a gonakin furen ƙasar, mata da yawa a cikinsu.

Wani kason yakan bi ta Aalsmeer, kusa da Amsterdam, inda ake gwanjon fure mafi girma a duniya. Gwanjon nasu a juye yake: farashi kan fara daga sama yana saukowa, wanda ya riga danna maɓalli shi ya saya. Ka yi gaggawa ka saya da tsada, ka yi nawa wani ya ɗauke. Manyan kantuna kuwa sau da yawa ba sa bi ta nan, kai tsaye suke ƙulla ciniki da gonaki na shekara guda, suna sayen miliyoyin karare, shi ya sa suke iya matse farashi yadda mai shagon fure na unguwa ba zai iya ba.

Ni dai ban yarda da masu cewa a daina sayen furen Kenya ba, don wadda ke yanka shi da kuɗin take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta. Amma ban kuma yarda a yi kamar babu magana ba. An daɗe ana kokawa kan ƙarancin albashi, da maganin feshi, da yawan ruwan da ake zuƙa daga tafkin da masunta da makiyaya da dorinar ruwa duk suka dogara da shi. Sana'ar kuma a rataye take da fiffiken jirgi. A watan Afrilun 2010 wani dutse ya yi aman wuta a Iceland, tokarsa ta rufe sararin samaniyar Turai kusan kwana shida, sai ga shi a Naivasha ana zubar da wardi tuli-tuli ana sallamar ma'aikata. Haka aka sake yi a 2020. In ina da halin ƙara 'yan kwabbai, nakan nemi ɗaurin da ke da tambarin Fairtrade, domin a tsarinsu ana ware ƙarin kashi 10 cikin 100 na kuɗin furen ga ma'aikatan gonar, su yanke shawarar abin da za su yi da shi, ko aji ko asibiti. Af, kada ku sa ran ƙamshi. Irin da aka zaɓa don ya jure tafiya ya daɗe a kwalba, yawancinsa hanci ba ya samun komai.

Ɗalibi dai ba ya rasa dabara. Da yamma ma'aikatan kanti kan zaga da 'yar na'ura suna liƙa rawayar takarda a kan kayan da kwanansu ya ƙare, har da furanni, sai ka samu na fam 4 ya dawo fam ɗaya ko ƙasa. A nan ido ke aiki. Ka ɗaga ɗaurin ka duba gindi: in ya yi yauƙi ko ruwan bokitin na wari, bar shi. Ka ɗan matsa kan wardi a hankali, in da tauri yana da sauran kwana, in ya yi laushi ya gama. A ɗaki ka datse gindin a karkace, ka cire duk ganyen da zai nutse, ka zuba 'yar ledar garin da ake haɗowa da shi, wadda sukari ce da ɗan tsami da maganin ƙwayoyin cuta. Ka sauya ruwa bayan kwana biyu. Ka nisanta shi da hita, ka kuma nisanta shi da ayaba, don nunannen ɗan itace na fitar da wata iska da ke tsofar da fure. Dafodil kuma a ba shi kwalbarsa shi kaɗai, yauƙinsa na kashe abokan zama. Tulip ma yana da nasa hali, ko bayan an yanke shi yana ci gaba da tsawo yana karkata wajen haske.

Na tukunya sun fi riba. A wurin kayan miya ana sayar da na'a-na'a da wata ɗoɗɗoya ta Turawa a 'yar tukunya, kuma kowa na ƙorafin ba sa wuce mako. Dalili shi ne ba shuka ɗaya ba ce, tsirrai ashirin ne ko fiye aka cusa wuri guda don tukunyar ta cika ido, suna ta kokawar abinci. In ka zazzage ka raba su gida huɗu ka dasa kowanne daban, sai su yi maka wata da watanni a bakin taga.

A cikin na tukunyar nan ne na yi kiciɓis da 'yar gida. Wata shuka ce mai dogon ganye tsaye kamar takobi, da zane-zane a jiki, an sa ta a farar tukunya an rubuta fam 8. Moɗa ce, ko 'yar'uwarta ta jini, irin wadda ke fitowa a gindin itatuwa ba mai ko kallonta, wadda kakanni ke fitar da zare daga ganyenta su yi igiya da tsarkiyar baka. Asalinta daga yankinmu ne na Afirka ta Yamma. Turawa na kiranta harshen suruka, suna kuma sonta don ko ka manta da ita wata guda ba ta mutuwa. Na tsaya a gabanta ina dariya ni kaɗai har wani ma'aikaci ya tambaye ni ko lafiya.

Tun daga ranar nake tunanin Jos. Tudunta ya kai wajen mita 1,200, tana da sanyin da ke fitar da dankalin Turawa da kabeji da sitiroberi, wardi ma yana yi. Rana kuwa ba a magana. Abin da Naivasha ta fi ta shi ne ɗakin sanyi da wutarsa ba ta ɗaukewa, da mota mai firji, da jirgin kaya da ke tashi kowane dare ba fashi. Yankakken fure in ya yi 'yan awoyi a cikin zafi ya tashi daga aiki. Duk wanda a cikinku ke son karanta aikin gona ko injiniyanci, ga wurin da aikin yake.

Akwai dai furen da muka riga muka iya sayar wa duniya, kuma shi ne wanda bai damu da lantarki ba: zoɓo. Abin da muke jiƙawa kofin da ke riƙe da furen ne, wanda ke kumbura ya yi ja bayan furen ya faɗi. Rana ce ke busar da shi, buhu ne ke ɗaukarsa, yana iya wata da watanni a hanya. Daga gonakin Jigawa da Kano da Katsina ake tara shi a cika kwantena, kuma babbar mai sayensa ita ce Meziko, inda suke yin abin sha da shi suna kiransa hamaika. Akwai wani ɗan Meziko a ajinmu. Ran da ya gan ni da gorar zoɓo da na haɗa da citta da kanumfari, ya ɗanɗana ya ce wannan ai abin shan ƙasarsu ne, wa ya koya mini? Na ce in ya koma gida hutu ya tambayi mai shagon unguwarsu daga ina buhun ya zo. Ya ce zai tambaya, amma cittar ta yi yawa.